Tseren Keke Na Kwana Takwas A Duwatsun Afirka Ta Kudu: Ba A Shiga Sai Da Abokin Tafiya

Duk wanda ya taɓa yin sammako a hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko tsakanin Ƙonni da Illela ranar kasuwa, ya san abin da keke yake iya ɗauka. Buhun gero biyu a kan kariya, jarka huɗu a rataye hagu da dama, wani lokacin har da akuya a ɗaure tana ta kuka, shi kuwa mai keken yana tafe yana turawa cikin rairayi don babu halin hawa. Ko da yake babura ƴan Sin sun ƙwace mafi yawan wannan aiki, har gobe dokin ƙarfe bai bar hanyoyinmu ba. A wurinmu keke abin neman abinci ne, in ban da yara babu mai hawansa don nishaɗi.

To, ƴan uwa masu karatu, yau filin namu zai kai ku wata ƙasa inda mutane masu hankalinsu, da likitoci da manyan ƴan kasuwa da ma'aikatan banki, suke biyan kuɗi masu ciwo domin a ba su izinin shan wahala a kan keke har kwana takwas. Sunan gasar Cape Epic, ana yin ta kowace shekara, yawanci cikin watan Maris, a lardin Kef ta Yamma, can ƙarshen Afirka ta Kudu inda ƙasa ta ƙare teku ya fara.

Tsawon hanyar yakan kama daga kilomita 600 zuwa 700, wato kamar mutum ya tashi daga Yamai ya nufi Maraɗi. Sai dai fa ba a kan kwalta ba. Hanyar shanu ce da turbar ƙafa da gefen kwazazzabo, ga tsakuwa ga yashi ga ƙaya. Idan aka haɗa dukkan hawan da ake yi cikin kwanakin, yakan kai mita dubu 15 zuwa dubu 16. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar, wanda ke tsaunukan Bagzan cikin ƙasar Abzin, mita 2,022 ne daga bakin teku. Ke nan kamar a ce mutum ya hau shi tun daga bakin teku sau takwas, da keke, cikin mako guda. A 2008 ma tsawon hanyar ya kai kilomita 966.

Wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Kevin Vermaak ne ya ƙirƙiro ta. Ya je ƙasar Kosta Rika a 2002 ya shiga wani tsere irin wannan, ya dawo da niyyar kafa na ƙasarsu. Aka yi na farko a 2004, daga garin Knysna, wanda ake furtawa Naizna, zuwa wata gonar inabi kusa da Stellenbosch, kilomita 788. Karl Platt na Jamus da Mannie Heymans na Namibiya suka zo na ɗaya. A shekarar da ta biyo, cikin waɗanda suka ci har da Bart Brentjens ɗan ƙasar Holan, mutumin da ya fara cin lambar zinariya ta keken dutse a wasannin Olamfik na 1996. Daga nan sunan gasar ya bazu. Kowace shekara ana sauya hanya, kuma masu shiga sukan haura mutum dubu ɗaya daga ƙasashe da dama. A 2020 kaɗai ba a yi ba, saboda annobar korona.

Minti biyu

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo muku labarin nan ba tsawon hanya ba ne, wata doka ce guda ɗaya wadda muka san duk ɗan kasuwa zai gane ta tun kafin a gama faɗa. Ba a shiga wannan tsere mutum ɗaya. Bibbiyu ake shiga, kuma tun daga tashi har sauka ba a yarda tazarar da ke tsakanin abokan biyu ta wuce minti biyu ba. Akwai wuraren bincike a kan hanya, wanda aka kama ya tsere wa abokinsa sai a ƙara musu lokaci a matsayin tara, in suka ci gaba da yi a kore su. A wurin sauka kuma ba a duba wanda ya fara isowa. Lokacin na baya shi ake rubuta wa su duka biyun.

Ku duba wannan da kyau. Mutum yana iya zama zakaran duniya, ƙafarsa kamar injin, amma in abokinsa ya kwana da ciwon ciki, to ranar nan saurin mai ciwon ciki shi ne saurinsa. Kakanninmu fatake da suka yi ta safarar goro daga Gwanja sun san haka, madugu ba ya auna zango da jakin da ya fi ƙarfi. Haka masu ayarin gishirin Bilma. Bambancin kawai, su fatake dole ce ta sa su, waɗannan kuwa su suka sa wa kansu.

Saboda haka za ka ga abin mamaki a kan hawa: mai ƙarfin ya saki hannu ɗaya ya dafa bayan abokinsa yana tura shi, shi ma yana taka feda. Doka ta yarda da wannan, amma ba ta yarda a ɗaura igiya a ja ba. A fili inda iska ke bugowa, mai ƙarfin yakan shiga gaba ya tare iskar, na bayan ya lafe a jikinsa. In tayar ɗaya ta fashe, su biyu za su durƙusa. In ɗaya ya rasa ruwa, gorar ɗayan ta zama tasu. Masu shiryawa sun sa dokar ne da farko don tsaro, domin hanyar tana ratsa dajin da mota ba ta shiga, in mutum ya faɗi ya karye dole a sami wanda zai tsaya a kansa ya nemi agaji. Amma a ƙarshe dokar ita ta zama gasar.

Ga misali. A 2013 wani Bajamushe mai suna Robert Mennen ya shiga tare da Alban Lakata na ƙasar Ostiriya, wanda ya taɓa zama zakaran duniya a tseren dogon zango a 2010. Ana sa su cikin waɗanda ake kyautata zaton za su ci. Tun a zangon farko, suna gangarowa a guje, sai ga wata gada ta fito daga daji ta gitta gaban Mennen. Ya yi karo da ita, ya tashi sama ya faɗo, ƙashin wuyansa na kafaɗa ya karye. Shi Lakata ko ƙwarzane bai yi ba, kekensa lafiya lau, ƙarfinsa na nan, amma gasa ta ƙare masa a wannan minti. Wanda abokinsa ya fita ana barinsa ya ci gaba da tafiya har ƙarshe, sai dai ba ya cikin lissafin ƙungiyoyi, manyan ƴan wasa ma wata riga ta daban ake ba su wadda ke nuna ba su da kowa. A shekarar da ta biyo Mennen ya warke, ya dawo da wani abokin, Kristian Hynek na Jamhuriyar Cek, suka zo na ɗaya.

Shi ya sa masu shiga suke cewa zaɓen abokin tafiya ya fi zaɓen keke wuya. Kada ya fi ka ƙarfi da yawa, don zai kashe ka da gudu, kai kuma kunya ta hana ka cewa ka gaji. Kada ka fi shi da yawa, don ran kwana na biyar haƙurinka zai ƙare. Sannan dole niyya ta zo ɗaya tun daga gida. In ɗaya ya zo neman matsayi, ɗaya kuma burinsa kawai ya kai ƙarshe da ransa, to rigima tana nan tafe. Duk wanda ya taɓa haɗa jari da wani suka ɗauko kaya daga Lome, ɗaya yana son a sayar da wuri a juya kuɗi, ɗaya yana son a ajiye sai farashi ya hau, ba ya bukatar mu yi masa dogon bayani. Akwai ma'aurata da ke shiga tare, don akwai rukunin mace da namiji, ban da na maza zalla da na mata zalla da na masu shekaru. Mu dai ba mu ba kowa shawarar gwada aurensa ta wannan hanya ba.

Yadda yini yake

Ranar farko gajeren tsere ake yi don a jera mutane gwargwadon saurinsu, sannan zango bakwai su biyo baya. Yawancin masu tseren a tanti suke kwana, ƙananan tantuna na mutum ɗai-ɗai a jere ɗaruruwa a filin makaranta ko na gona, kamar sansanin soja. Manyan motoci ke kwashe jakunkuna da kayan girki da wuraren wanka zuwa zango na gaba. Da asuba akwai mai busa wata irin algaita ta mutanen Sikotlan da ke zagayawa yana tayar da jama'a. A ci abinci ko ana so ko ba a so, domin wanda bai ci ba ba zai kai azahar ba. Wajen ƙarfe bakwai na safe a saki rukunin farko.

Ƙwararru sukan gama zangon yini cikin awa uku zuwa biyar. Kafin rana ta take sun yi wanka, an yi musu tausa, makanikai na wanke musu kekuna. Sauran jama'a kuwa, su ne mafi yawa, suna can cikin duwatsu, wasu sai sun yi awa takwas ko tara a kan sirdi. Kowane zango yana da iyakar lokaci, a doguwar rana yakan kai wajen awa goma. Wanda ya makara ko da da daƙiƙa kaɗan ne, sai a cire lambar kekensa a sa masa shuɗiya. Gobe zai iya tashi da mutane, amma ba za a lissafa shi cikin waɗanda suka kammala ba. A can ƙarshen ayari kuma akwai wasu mahaya biyu na masu shiryawa da ke bin na baya, suna tabbatar da ba a bar kowa a daji ba. Sunan da ake kiransu da shi shi ne kuraye. Kowa ya waiwaya ya ga kura a bayansa ya san lissafinsa ya kusa ƙarewa.

Akwai wuraren shan ruwa a kan hanya, inda ake samun ayaba da dafaffen dankali da gishiri da ruwan zaƙi. Akwai kuma asibitin tafi-da-gidanka a sansani. Mu faɗa muku gaskiya, a gafarce mu, layin da ya fi tsawo a asibitin nan da safe ba na masu karaya ba ne, na waɗanda sirdi ya saɓule wa mazaunai ne. Manyan mutane masu kamfanoni a tsaye cikin layi suna jiran a manna musu filasta. Ciwon ciki shi ma yana fitar da mutane da yawa, haka ƙura da ke shiga ƙirji.

Sai zafi. Watan Maris ƙarshen bazararsu ne, su da ke kudancin duniya. A 2017 zafi ya yi tsanani har likitoci suka sa aka rage zango na biyu daga kilomita 102 zuwa 62. A 2025 ma a yankin Paarl zafi ya haura digiri 40, aka rage zango na uku, kuma wani mai tsere daga Beljiyam ya rasu a asibiti bayan ƴan kwanaki. Mun san wani a rumfarsa a Ƙonni zai yi dariya ya ce digiri 40 ai sanyin safiya ne a watan Afrilu. Gaskiya ne, Alhaji, amma mu da tsakar rana inuwa muke nema, buta a gefe. Ba mu taɓa ganin wanda ya ɗauki keke ya nufi kan dutse da ƙarfe ɗaya na rana ba. Kuma ba zafi kaɗai ke kisa ba. A 2010 James Williamson na Ostireliya, saurayi ɗan shekara 26 wanda ya taɓa cin gasar duniya ta tseren awa 24, ya kwanta barci bayan zango a garin Ceres bai farka ba. Bincike ya nuna ciwon zuciya ne da ba a san yana da shi ba.

Maganar kuɗi

Yanzu bari mu zo inda muka fi ganewa. Kuɗin rajistar mutum biyu dala dubbai ne, kuma dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. In aka juya shi miliyoyin sefa ne, ban da kuɗin jirgi da biza da makanike da mai tausa. Duk da haka guraben farko da ake sakawa a intanet cikin daƙiƙoƙi suke ƙarewa, saura kuma sai an yi ƙuri'a. In ka cire ƴan ƙalilan da ke kan gaba, abin da mutum zai koma da shi gida lambar wuya ce da riga. Wanda ya kammala sau uku sai a sa shi cikin wata ƙungiya da ake kira Amabubesi, wato zakuna da harshen Zulu. A 2016 kamfanin Ironman na Amurka ya saye gasar baki ɗaya, alamar cewa masu shiryawa ba asara suke yi ba.

Shi kansa keken ba irin Raleigh da Phoenix da muka sani ba ne. Jikinsa ba ƙarfe ba ne, wani irin zare ne na kabon da ake daskararwa, nauyinsa bai fi kilo 10 zuwa 11 ba, wato kusan rabin namu. Yana da abin shanye gargada gaba da baya kamar babur, birkinsa na faifai ne mai aiki da mai, giyarsa goma sha biyu. Tayar ba ta da tiyub a ciki. Wani farin ruwa mai kama da madara ake zubawa, in ƙaya ta huda sai ruwan ya fito ya daskare ya toshe hujin, mutum na tafe bai ma sani ba. Masu faci na bakin tasha, ku kwantar da hankalinku, wannan fasaha ba ta kusa iso mu ba, domin keken da ƙwararru ke hawa yakan kai sefa miliyan biyar ko fiye, kuɗin mota mai kyau ta hannu. Manyan ƙungiyoyi har wasu mahaya biyu suke ɗauka na musamman su riƙa bin su a baya kamar yaran gida. In tayar maigida ta lalace, nan take yaro ya cire tasa ya ba shi, shi ya zauna yana gyara.

Da irin wannan tsada ba sai an gaya muku su wane ne suka fi yawa a wurin ba. Gasa ce a ƙasar Afirka, amma shekara da shekaru baƙar fata a cikinta ana iya ƙirga su. Wannan abin yana ci mana tuwo a ƙwarya, domin ƙarfin ƙafa ba shi muka rasa ba. Labarin Ruwanda ya isa shaida. A can ma keke abin dako ne, ana kabu-kabu da shi, ana ɗaukar buhunan dankali da gahawa a kan tsaunuka, har da keken katako da manoma ke sassaƙawa da kansu. Wani Ba'amurke maƙerin kekuna mai suna Tom Ritchey, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙera keken dutse a Kaliforniya, ya je ƙasar a 2005. Ya ƙera wa manoman gahawa wani dogon keke na ɗaukar kaya, a 2006 kuma aka shirya tsere don a ga masu ƙafa. A nan aka gano wani yaro mai suna Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa ƴan uwansa maza shida a kisan ƙare-dangin 1994. A 2007 sai ga shi a Cape Epic, shi da wasu ƴan ƙasarsu, kuma ya kammala. Shekara biyar bayan haka shi ya riƙe tutar Ruwanda a Olamfik na Landan, ya yi tseren keken dutse ya kai ƙarshe. Duk lokacin da muka ga saurayi ya hau gangaren Dogon Dutsi da kaya niƙi-niƙi a keke mara giya, wannan yaro yakan faɗo mana a rai.

A Afirka ta Kudun ma an ɗan motsa. Tun 2012 aka ware wata riga ta musamman don matasan da suka fito daga al'ummomin da mulkin wariyar launin fata ya danne. A unguwar Kayamandi da ke gefen Stellenbosch, wani ɗan unguwar mai suna Songo Fipaza ya haɗa kai da Christoph Sauser, zakaran duniya daga Suwizalan, suka kafa wurin koya wa yara keke da karatu a 2008. Sunan wannan shiri, Songo, shi Sauser ya riƙa sawa a rigarsa in zai yi tsere.

Shi Sauser ɗin ya riga ya ci gasar a 2006 da wani ɗan ƙasarsu. A 2008 sai ya ɗauki wani yaro ɗan Afirka ta Kudu mai suna Burry Stander, wanda ya girme wa da shekara goma sha ɗaya, ya zama abokin tafiyarsa. Shekara uku a jere suna nema ba su samu ba, yau rauni, gobe karyewar taya. Mutum irin Sauser ba zai rasa wanda zai bi shi ba in ya so sauyi, amma bai sauya ba. A 2011 suka ci, Stander ya zama ɗan Afirka ta Kudu na farko da ya zo na ɗaya a gasar ƙasarsu. A 2012 suka maimaita, a shekarar kuma Stander ya zo na biyar a Olamfik.

Ran 3 ga Janairun 2013, saura wata biyu da ƴan kwanaki a yi gasa, Stander yana dawowa daga atisaye a Shelly Beach cikin lardin KwaZulu-Natal, wata ƙaramar motar haya ta buge shi ya rasu. Shekarunsa 25. Sauser ya nemi Jaroslav Kulhavy na Jamhuriyar Cek, wanda ya ci zinariya a Landan, suka shiga a watan Maris ɗin, suka rubuta sunan ƙungiyarsu Burry Stander-Songo. Su suka zo na ɗaya. A 2015 suka sake ci, wanda ya zama karo na biyar ga Sauser.